Fiyanon da Aka Binne a Toka

Ƙafafunta Halliru ya fara gani kafin fuskarta. Yana sunkuye kan wata rediyo a rumfarsa da ke bakin kasuwar Karaye, ƙarfen liƙinsa na cikin garwashi, sai ga ƙafafu biyu sun yi furu-furu da toka sun tsaya a gabansa. Da ya ɗaga kai sai ya ga budurwa doguwa, ita da wata tsohuwa sun kamo wani abu naɗe cikin tabarma, dukansu suna haki.

"Salamu alaikum. Kai ne mai gyaran rediyo?"

"Wa alaikumus salam. Ni ne. Sannunku da hanya. Goggo, ga benci, zauna ki huta."

"Mara lafiya muka kawo maka," in ji budurwar, tana gyara mayafi. "Daga Ruwan Bago."

"To ai kun zo asibiti. A kwance shi mu gani."

Ta yi murmushi kaɗan, irin wanda mutum ke yi yana ƙoƙarin ɓoyewa. Wannan murmushin shi ne ya jawo wa Halliru duk wahalar da ya sha a shekarar 1993 da farkon wadda ta biyo ta.

Da aka warware tabarmar sai ga wani akwati mai gefen katako, da madannai talatin da bakwai, farare da baƙaƙe, sama da su kuma maɓallan murɗawa jere. Rubutun jikinsa ya ce sintasaiza, amma kowa fiyano yake kiran irinsa. Sau ɗaya Halliru ya taɓa ganin makamancinsa, a tagar wani kanti a Sabon Garin Kano. Ya ɗan karkata shi don ya duba bayansa, sai toka ta fara zubowa ta kowace kafa, ta kusa cika mudu.

"Wa ya zuba masa wannan?"

"Ni ce nan," in ji tsohuwar, tana buga ƙirji. Goggo Adama ke nan, yayar mahaifin budurwar. "Shekara goma sha shida yana cikin rumbuna tare da irin wake. Duk kaka sai na ƙara masa sabuwar toka don kada ƙwari su ci shi. Duba katakon da kyau, ɗana. Ko gara ɗaya ta taɓa shi?"

Gaskiya ta faɗa, katakon lafiya lau. Amma da Halliru ya kwance kusoshin ya ɗaga marfin, sai ya ga ɓarna. Rumbun ya riƙa yoyo da damina, ruwa ya haɗu da tokar, kuma duk macen da ta taɓa tace toka ta san kaifin ruwanta. Siraran layukan tagulla da ke kan allunan ciki duk sun zama kore, wasu sun ɓace gaba ɗaya. Ya dubi tsohuwar tana jiran yabo, ya kasa gaya mata cewa maganin da ta yi wa abin shi ne ya cinye shi.

"Kin adana shi, Goggo," kawai ya ce.

Budurwar, Barira, malama ce a firamaren garinsu. Ita ta ba shi labari, muryarta ƙasa-ƙasa. Mahaifinta, Malam Ɗanmaliki, ya taɓa zama makaɗi a wata ƙungiyar kiɗa a Kano. Yana can mahaifiyarta Khadijatu ta rasu, lokacin Barira tana da shekara uku. Ya dawo ya tarar an yi jana'iza. Ran nan ya miƙa wa Goggo fiyanon ya ce ta ƙone shi, ya ɗauki fartanya, bai kuma ƙara ambaton kiɗa ko sunan matarsa ba. Goggo ta kasa ƙonawa, ta ɓoye shi a rumbun mata inda namiji ba ya leƙawa.

"Ba ni da hotonta," in ji Barira. "Ban san muryarta ba. Amma Goggo ta ce akwai wani kiɗa da ya tsara mata da wannan abin. In ya gyaru, wataƙila in ya gan shi zuciyarsa ta yi laushi ya kaɗa mini. Sau ɗaya ma ya ishe ni."

"Ya san kun kawo shi?"

"Bai ma san yana duniya ba."

Mai hankali da ya ce su naɗe kayansu su koma. Babu takardar zanen yadda aka haɗa shi, babu kayan gyaransa, babu ma wutar lantarki tsayayya a rumfar. Halliru ya san duk wannan. Ya dubi idanunta, ya ji bakinsa yana cewa, "Ku bar shi, zan duba."

Kwana uku ya yi yana kakkaɓe toka da gashin kaza da tsohon buroshi. Ya wanke allunan da sifirit, ya shanya su a inuwa. Daga nan ya sayi littafin rubutu ya fara zana duk layin da idonsa zai iya bi, inda ya yanke kuma ya yi hasashen inda ya nufa. Ya warware wayar tsohuwar fanka, siririya kamar zare, da ita yake haɗa abin da toka ta raba, liƙi ɗaya bayan ɗaya.

Sulle, direban akori-kurar da ke zirga-zirga tsakanin Rogo da Karaye, shi ya zama gidan wayarsu. Wasiƙarta ta farko gajeriya ce:

"Zuwa ga Likita. Bayan gaisuwa mai yawa, yaya mara lafiyarmu? Goggo ta ce in tambaye ka ko a aiko da ƙarin toka. Ni ce, Barira."

Ya karanta sau biyar, yana dariya shi kaɗai har mai sayar da goro na kusa da shi ya tambaya ko lafiya. Ya ba da amsa:

"Zuwa ga 'Yar Toka. Mara lafiya yana nan, bai farfaɗo ba tukuna. Ki ce wa Goggo na gode, wadda ta ba mu ta isa. Sai dai likitan ne yanzu ya kamu da ciwo, kuma an ce maganinsa yana Ruwan Bago. Naki, Halliru."

Mako guda cur ba ta amsa ba, har ya fara zargin kansa da rawar kai. Sai ga Sulle da 'yar takarda:

"Likita, maganin yana da mai shi. Ka biyo ta ƙofar gida."

Halliru ɗan Kwanyawa ne, maraya, a hannun ƙanin mahaifinsa Baffa Hammawa ya tashi cikin shanu kafin ya gudu wajen rediyo. Baffan ya sa babbar rigarsa ya tafi Ruwan Bago da ƙwaryar goro. Malam Ɗanmaliki ya karɓe shi da mutunci, ya ce yaro ya riƙa zuwa su fahimci juna. Duk Juma'a bayan la'asar sai Halliru ya hau kekensa, ya iso da gumi, Barira ta shimfiɗa masa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida.

"Hannunka duk ƙuna," ta ce masa ran nan, tana kallon yatsunsa.

"Dalma ce. Ba ta da tausayi, kamar wata da na sani."

"Ni ce mara tausayin? Wa ya ajiye maka fura tun azahar?"

"To na janye. 'Yar Toka, in abin nan ya ƙi gyaruwa fa? Za ki kore ni?"

Ta shiga wasa da bakin mayafinta. "Da don shi na zo wurinka. Yanzu kuma ban sani ba. In na ji ƙarar keke a layinmu sai in rasa abin da nake yi."

Wata biyu suka yi cikin wannan daɗin, kuma shi ke nan rabonsu na wani dogon lokaci.

Akwai wani Muntaka, dillalin gyaɗa daga Rogo Ruma, mai sabon babur da agogo mai walƙiya. Ya daɗe yana neman Barira tana kauce masa. Wata ranar kasuwa ya kawo rakodarsa gyara, daidai lokacin da Halliru ya cire allunan fiyanon ya kai Kano don a gwada masa wasu ƙananan kaya. Akwatin na ajiye a kan tebur, ciki wayam. Muntaka ya zagaya shi, ya ga an karce suna a jikin katakon da wuƙa: Ɗanmaliki. Ya karɓi rakodarsa, ya tayar da babur, bai zame ko'ina ba sai Ruwan Bago.

Abin da ya faɗa wa Malam Ɗanmaliki rabi gaskiya ne rabi ƙarya, shi ya sa ya kama. Ya ce fiyanon da Malam ya sa a ƙone yana Karaye, 'yarsa ce ta kai, kuma mai gyaran ya kwashe kayan cikinsa ya sayar a Kano.

Washegari aka mayar wa Baffa Hammawa da goronsa. Saƙon da ya biyo shi ba shi da tsawo. Malam Ɗanmaliki ya ce yaron da zai zauna a ƙofar gidansa wata biyu, ya gaishe shi, ya sha furarsa, alhali yana ɓoye masa abu irin wannan, ba zai ba shi 'ya ba. Balle kuma mai ɗan hali. Ga Barira ya ce, "Ba zan ɗaura miki wanda ba kya so ba. Ki kawo kowa, ban da shi." Goggo kuwa ya daina amsa gaisuwarta.

Wasiƙar da Sulle ya kawo a wannan makon ba ta fara da Likita ba.

"Halliru, na ce wa Baba ƙarya ake yi maka. Amma Muntaka ya rantse da idonsa ya ga akwatin babu komai a ciki. Don Allah ka gaya mini gaskiya. Duk abin da ka faɗa shi zan yarda da shi. Barira."

Nan Halliru ya yi wautar da masu zuciya kan yi. Tambayar ta yi masa ciwo, ya ce a ransa ba zai kare kansa da baki ba, sai dai abin ya yi magana da kansa. Ya zaci mako biyu zai ishe shi. Ya ajiye wasiƙar cikin aljihu bai amsa ba.

Mako biyu ya zama wata. A Kano kowa ya juya allunan sai ya girgiza kai, wani ma ya ce ya jefar kawai. Ya dawo ya shiga farke matattun rediyo da wata tsohuwar talabijin yana ciro ƙananan kayan lantarki irin su tiransista da kwandansa, yana gwadawa da mita, yana sakawa, yana cirewa. Taransifomar da ke ba shi wuta ta ruɓe, don haka ya sauya hanyar ya haɗa shi da batiran babur guda biyu. Ranar da ya fara kunnawa, abin da ya fito hayaƙi ne. Karo na biyu shiru. Karo na uku ya yi wani kuka kamar ɗan akuya, ya mutu.

Masu kawo rediyo suka fara gajiya da jira, suka koma wajen wani. Maganar sata ta zagaya kasuwa, har mai goron da suke raha ya rage sakin fuska. Baffa Hammawa ya zo ya zauna a bencin, ya daɗe yana kallonsa.

"Halliru, ka rame. Ka mayar wa mutane akwatinsu ka dawo gida. Mata ba su ƙare ba."

"Baffa, in na mayar da shi haka, na zama ɓarawon ke nan har abada."

"In ka gyara fa, ka ɗauka zai ba ka ita? Abin da ya tsana a duniya shi kake tasowa."

Halliru ya san gaskiya ce. Idan ya kasa, ya tabbata maci amana. Idan ya yi nasara, ya kai wa mutumin abin da ya ce a ƙone. Ta kowace hanya Barira ta kuɓuce masa. Duk da haka kullum da safe sai ya hura garwashi ya sa ƙarfe, don bai san me zai yi da hannuwansa ba in ya daina.

A wata na uku Sulle ya tsayar da mota, bai ko kashe ta ba, ya miƙo takarda yana harararsa.

"Halliru, shirunka ya ba ni amsa. Mutanen Muntaka sun zo sau biyu, na ce ba na so. Ba kai nake jira ba, kada ka ɗauka haka. Na dai kasa ne. Allah ya isa tsakanina da ranar da na buɗe rumbun nan."

Ya karanta a tsaye, sannan ya zauna a benci. A ranar ya rubuta abin da ya kamata ya rubuta tun farko:

"'Yar Toka, ban sayar da ko ƙusa ɗaya ba, Allah ne shaidata. Girman kai ne ya hana ni amsa miki, na so in zo da hujja a hannu. Na cuce ki da shirun nan, ki yafe mini. Ban sa rai Baba zai sauko ba. Zan dai ƙarasa in kawo, don ki san ba ki yi kuskuren yarda da ni ba. Ina sonki, ko da hakan ba zai amfane mu da komai ba."

Amsarta layi biyu ce: "Likita, na yi kuka har Goggo ta tsorata. Na yafe maka, amma Baba ko sunanka ba ya so a ambata."

Sai a wata na biyar fiyanon ya yi murya. Irinsa sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci guda, kamar algaita, kuma madannai talatin da ɗaya ne suka amsa. Sai dai muryar a karkace take. Akwai wasu 'yan ƙananan sukurori a ciki da ake murɗawa a daidaita sautin, amma Halliru bai san inda daidai yake ba. Shi mai gyaran rediyo ne, ba makaɗi ba. Ya yi kwanaki yana murɗawa, kullum abin sai ƙara lalacewa yake. Daga ƙarshe ya haƙura. Ya naɗe shi a tabarmar da aka kawo shi, ya shiga motar Sulle da batiransa da 'yar lasifika.

Da hantsi ya isa. Malam Ɗanmaliki yana zaure yana gyara ƙotar fartanya, mutum ne siriri mai furfura a gemu. Halliru ya durƙusa ya gaishe shi. Ya amsa a taƙaice, bai ɗago ba.

"Baba, kayanka na dawo da shi."

"Ajiye ka tafi."

"Zan tafi, ba kuma zan dawo ba. Na ɓoye maka magana, wannan laifina ne, ina neman gafara. Amma ban yi sata ba. Ka bar ni in kunna shi sau ɗaya, sannan in tafi da sunana."

Malam ya ci gaba da gyaran ƙotarsa. Halliru ya warware tabarmar, ya haɗa wayoyi. Yana jin motsi a bayan ƙofar cikin gida, ya san su wane ne. Ya kunna, ya danna madanni uku a jere. Sautin ya cika zauren, mai kauri, mai daɗin murya, amma kowanne ya kauce wa ɗan'uwansa.

Fartanyar ta tsaya a hannun Malam. Fuskarsa ta yamutse kamar wanda ya tauna tsakuwa a tuwo.

"Ɗauke hannunka," ya ce. "Wa ya ce maka ana taɓa shi da an kunna? Sai ya ɗumama. Ba ya tsayuwa a kan murya in yana da sanyi."

Suka zauna jira kusan minti goma sha biyar, babu mai kallon wani. Sannan Malam ya matso, ya danna madanni na farko da ɗan yatsa ɗaya, ya rufe ido, ya yi wani sauti a maƙogwaronsa.

"Nan ya kamata ya tsaya. Murɗa. A'a, ka wuce. Dawo kaɗan. Kaɗan na ce, kai ba ka da kunne ne?"

"Ba ni da shi, Baba."

"Na gani. Tsaya nan."

Haka suka yi ta yi, tsoho na rera sauti, saurayi na murɗa sukuru. In sun daidaita ƙasa sai sama ya goce, su dawo su sake. Har rana ta take tsaka ba wanda ya lura. Zuciyar Halliru ta fara bugawa da wani fata da ya daɗe da binnewa.

Da suka gama, Malam ya goge hannuwansa a riga, ya ɗora yatsunsa da noma ya kangarar. Ya kaɗa sauti shida, a hankali, masu taushi. Ya tsaya. Ya koma farko, ya sake kaɗa shidan, ya sake tsayawa a wuri guda. Sau huɗu yana yi.

"Baba, ci gaba," muryar Barira ta fito daga bayan ƙofa. "Don Allah."

Ya daɗe yana kallon madannan. "Na manta," ya ce. "Wallahi na manta sauran."

Kafin kowa ya ce wani abu, warin ƙuna ya tashi. Sautin ya siraice, ya yi ƙasa, ya ɗauke. Halliru ya fizge wayar batir, amma ya riga ya san abin da ya ƙone, kuma ya san babu irinsa a duk inda ƙafarsa za ta iya kaiwa. Malam ya juya fuskarsa bango, kafaɗunsa na girgiza. A cikin gida Barira na kuka, Goggo na ba ta haƙuri.

Halliru ya tattara batiransa ya fita, ba wanda ya ce ya tsaya. Wata biyar ya ƙone yatsunsa, abin da ya samar kawai shi ne ya sa dattijo kuka a gaban baƙo, ya kuma tabbatar wa Barira cewa kiɗan mahaifiyarta ya tafi. A hanya ya ce wa Sulle kada ya ƙara tsayawa a rumfarsa, ba sauran wasiƙa.

Ya koma kan rediyonsa. Yana aiki, yana sallah, yana cin abin da ya samu, ba ya jin ɗanɗanon komai. Ya fara shawarar tattara kayansa ya koma Zariya.

Kwana tara bayan nan, ranar kasuwa, wani ya yi sallama a bakin rumfar. Malam Ɗanmaliki ne, shi kaɗai, da sandarsa. Halliru ya miƙe a rikice, ya kakkaɓe benci, ya durƙusa.

"Tashi ka zauna," in ji Malam. Shi ma ya zauna a bencin. "Na buɗe shi bayan tafiyarka. Na ƙirga wayoyin da ka liƙa. Ɗari biyu da goma sha ɗaya na samu, idona ya gaji na bari. Ɓarawo ba ya wannan aikin. Na kira Muntaka na gaya masa haka a gaban mutanensa."

"Na gode, Baba. Amma ba zai sake tashi ba. Gara in faɗa maka gaskiya."

"Na sani. Ba shi ya kawo ni ba." Ya jujjuya sandar a hannunsa. "Akwai abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai shekaranjiya da na gaya wa Barira. Mutane sun ɗauka labari bai same ni ba lokacin ciwon uwarta. Ya same ni. An aiko mini Kano cewa Khadijatu na kwance. Muna da wasa kwana uku a jere, ni ne mai fiyano, na ce bari in gama tukuna. Na gama. Na zo na tarar da ƙasa a kanta."

Hayaniyar kasuwa na ta tafiya a bayansu. Halliru ya sunkuyar da kai.

"Shekara goma sha shida ina ɗora wa akwati laifi. Da na leƙa cikinsa ban ga komai ba sai waya da dalma. Ba shi ya riƙe ni a Kano ba, ni na zauna. Na hana yarinyar nan ko sunan uwarta don kada ta tambaye ni ina nake. Kwana biyu ke nan ina ba ta labarinta, yadda take dariya, abincin da ba ta ci, faɗan da muka yi. Kiɗan dai bai dawo ba, ina jin ba zai dawo ba." Ya share ido da bakin rawaninsa. "Na tambaye ta me take so. Ta ce kai. Ka gaya wa Baffanka ya dawo da goronsa, in bai yi fushi ba."

Halliru ya sake durƙusawa a gabansa. Hawaye ne kawai suka zubo, a tsakiyar kasuwa, mai goro na kallo.

Da yamma Sulle ya tsaya duk da an hana shi, yana washe baki. Takardar ta ce: "Likita, an ce za ka gudu Zariya. In ka isa ka gwada. Taka har abada, 'Yar Toka."

Bayan ƙaramar sallah aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam Ɗanmaliki. Baffa Hammawa ya kawo bijimi daga Kwanyawa, Goggo ta yi ta rawa har ɗankwalinta ya faɗi, ita da ƙaninta sun shirya. Ba a yi wani kiɗa mai yawa ba, 'yan matan makarantar Barira ne suka yi ta tafi da waƙa a cikin gida.

Da la'asar, motar amarya na jira, Malam ya sa aka kira ango cikin zaure. Barira na durƙushe a lulluɓe tana sheshsheƙa. Ya kama hannunta ya daɗe bai saki ba, sannan ya dubi Halliru.

"Ba ni da dogon wa'azi. Na ga yadda kake da aiki, in ka kama ba ka saki, kuma shi ne abin da nake tsoro. Duk inda kake, kowane irin aiki ne a hannunka, in aka ce maka tana nemanka, ka ajiye ƙarfen nan ka taho. Kada ka ce bari in gama."

"Na yi alkawari, Baba."

"Ki yi masa haƙuri, Barira, shi ma ya yi miki." Ya dafa kanta. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari. Allah ya ba ki zaman da ni ban iya ba uwarki ba."

Duk wanda ke zauren ya ce amin. Barira ta rungume ƙafafun mahaifinta, sai da Goggo ta ɓamɓare ta da ƙyar. Halliru ya riƙe mata ƙofar mota, ta shiga, Malam Ɗanmaliki kuma ya tsaya a bakin zaure yana ɗaga musu hannu har suka sha kwana.